Ruwa da abinci bayan tiyatar rage ƙiba, kowa da lokacinsa

Cikin duk dokokin da ake ba mutum bayan an yi masa tiyatar rage ƙiba, babu wadda aka fi rainawa kamar ta ruwa, kuma babu wadda ake yi wa gurguwar fahimta kamarta. Dokar dai gajeriya ce. Kar ka sha ruwa kana cin abinci, ka dakata da sha kamar minti 30 kafin ka zauna ci, in ka gama kuma ka jira wani minti 30 ɗin kafin ka kai kofi baki. Shi kenan. Wasu asibitocin suna cewa minti 15 kafin abinci ya isa, wasu ma ba sa damuwa sosai da na kafin abincin tunda ruwa zalla ba ya daɗewa a tumbi, wasu kuma na bayan abincin ne suke ja har minti 45 ko awa ɗaya. Kowa ya bi abin da likitansa ya rubuta masa. Amma inda duk suka haɗu shi ne loma da kurɓi ba sa tafiya tare.

Ni silib aka yi min, wato tiyatar da ake yanke yawancin tumbi a cire, kuma tun daga lokacin nake hira da mutane irina, waɗanda aka yi wa da waɗanda suke shirin yi, kuma kashi biyu nake ganinsu a kan wannan magana. Akwai masu cewa haba dai, ruwa ne fa, ba kalori ba kitse ba suga, me zai yi wa mutum? Su sukan bi dokar na ɗan lokaci sai su watsar. Akwai kuma waɗanda suka ji an ce kar a sha ruwa, sai suka riƙe rabin maganar suka yar da rabi, suka koma wuni guda ba su sha abin kirki ba saboda tsoro. Na biyun nan su suka fi tayar min da hankali, kuma dan su na zauna rubuta wannan. Ba wanda ya ce a rage ruwa. Lita 1.5 zuwa lita 2 ake so mutum ya sha kullum bayan tiyata, kamar dai kowa, wani lokacin ma fiye. Lokacin sha kawai aka canza, yawan yana nan yadda yake. Kuma wallahi cika wannan yawan a cikin ɗan lokacin da ya rage shi ne ainihin aikin, haƙura da kofi a lokacin cin abinci shi ne mai sauƙin.

Bari dai mu fara da abin da aka yi wa cikin namu, dan in mutum bai gane wannan ba dokar sai ta zame masa kamar takurawa kawai. Tumbin babban mutum da ba a taɓa ba yana ɗaukar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba tare da wata damuwa ba, kuma yana buɗewa in an ƙara masa. Shi ya sa mai cikakken tumbi zai ci ya sha ya ƙara, ba abin da zai same shi, kuma masu cewa ruwa yana tsinka ruwan narkar da abinci har ya hana narkewa ga lafiyayyen mutum, ba haka ba ne. Dokar nan tamu ce, ba ta kowa da kowa ba, dan Allah kar mu je muna hana mutanen gida shan ruwa. A tiyatar silib ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin a cire shi gaba ɗaya, abin da ya rage siriri ne dogo, yana ɗaukar wajen mililita 100 zuwa 150 a farko. A baifas kuwa ɗan ƙaramin aljihu ake yi a saman tumbin wanda bai wuce mililita 30 ba, wato cokali biyu na cin abinci, sai a jona shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Ka tsaya ka auna wannan da idonka. Ka zuba ruwa cokali biyu a kofi ka duba. Wurin kenan da ake so abinci ya zauna ga mai baifas.

Akwai kuma wani bambanci da mutane da yawa ba a yi musu bayaninsa sosai ba. A ƙasan tumbi akwai wata tsoka mai zagaye da take aiki a matsayin ƙofa, ita ke riƙe abinci tana sakinsa cikin hanji kaɗan-kaɗan. A silib wannan ƙofar tana nan ba a taɓa ta ba. A baifas abinci ba ya bi ta wajenta kwata-kwata, ƴar kafar da likita ya ɗinka tsakanin aljihun da hanji ita kaɗai ce mafita, kuma ita ba ta buɗewa ba ta rufewa, a buɗe take kullum. Dan haka abin da ke riƙe abinci a aljihun mai baifas kaurin abincin ne kawai. Kamar mazurari ne, in ka zuba abu mai kauri zai tsaya yana sauka a hankali, in ka bi shi da ruwa sai ya tsinke ya zurare lokaci guda. Mu masu silib abin bai kai haka tsanani ba, amma mu ma tumbinmu ya fi na da saurin sakin abinci, kuma ruwa yana ƙara masa gudu.

Dokar ma ta girmi tiyatar rage ƙiba. Tun zamanin da ake yanke wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki likitoci suka lura marasa lafiyarsu suna shiga wani hali bayan cin abinci, kuma cikin shawarar da ake ba su tun wancan lokacin akwai raba ruwa da abinci. Daga lura da yadda irin waɗannan mutanen suke ramewa ne Dokta Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ya fara yin baifas dan rage ƙiba a 1966. Sai a 1994 likitoci biyu, Wittgrove da Clark, suka fitar da rahoton yin ta da ƴan ƙananan huji da kyamara ba tare da an farke ciki ba, daga nan ne tiyatar ta yaɗu, yanzu kuma silib ce aka fi yi a duniya. Na kawo wannan ne dan a san ba wani sabon yayi ba ne da wani ya ƙirƙiro, abu ne da aka daɗe ana gani a jikin mutane.

To me ruwan yake yi in ya haɗu da abinci? Na farko dai yana cinye wuri. Ana so mutum ya samu furotin giram 60 zuwa 80 a rana, kuma a watannin farko wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda loma kaɗan ke cika shi. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai. In ka sha ruwa kurɓi huɗu ko biyar kafin ka fara, ko a tsakiya, rabin wurin ya tafi, sai ka ji ka ƙoshi ka ture kwano, alhali abin da ya shiga jikinka na gina jiki bai taka kara ya karya ba. Yau haka gobe haka, sai tsoka ta fara zubewa, gashi ya ƙara kakkaɓewa fiye da wanda dama yake zuba a watannin farko, ga kasala, mutum ya tashi da safe kamar an yi masa duka.

Na biyu kuma, wanda ya fi zama matsala in an kwana biyu, shi ne ruwan yana wanke abincin ya tura shi gaba. Duk amfanin ƙaramin tumbi shi ne abinci kaɗan ya zauna a ciki ya daɗe, ka ji ka ƙoshi na awanni. In ka kora da ruwa abincin ya wuce, wuri ya buɗe, ka ƙara loma, ka ƙara kurɓi, ka ƙara loma, a haka sai ka cinye abin da ba za ka taɓa iya cinyewa a bushe ba. Bayan awa ɗaya kuma yunwa ta dawo. Mutum bai yi niyyar cin da yawa ba fa, shi a ganinsa abincinsa yake ci kamar kowa, amma ya samu hanyar zagaye tiyatar ba tare da ya sani ba. Wannan ne yake ba ni tausayi, dan in nauyi ya fara dawowa sai ya ɗora wa kansa laifin rashin haƙuri ko ya ce tiyatar ce ba ta yi ba.

Sai kuma abin da likitoci ke kira damfin, wato zubowar abinci cikin hanji da gaggawa. Masu baifas sun fi fama da shi amma masu silib ma yana samunsu. In abinci, musamman mai suga, ya faɗa ƙaramin hanji lokaci guda, hanjin sai ya jawo ruwa daga jini zuwa cikinsa, cikin minti 10 zuwa 30 mutum ya fara jin murɗar ciki, tashin zuciya, zufa ta karyo masa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jiri, wani har gudawa, ba abin da yake so sai ya kwanta. Akwai kuma na baya, wanda ke zuwa bayan awa 1 zuwa 3, shi kuma suga ne ya hau da sauri jiki ya saki insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, da yawa sai sugan ya faɗi ƙasa, hannu ya kama rawa, ido ya yi duhu, kai ya ɗaure. Ruwa a kan abinci yana ƙara saurin zubowar nan. Ko ba damfin ba ma, in ruwa ya sauka a kan abincin da bai wuce ba, ba shi da wurin zuwa. Nauyi ne zai tokare a ƙahon zuci, daidai ƙasan ƙashin ƙirji, yawu ya taru a baki ya yi kumfa, shaƙuwa ta taso, wani hancinsa ma ya fara yoyo, daga nan ko dai mutum ya tashi ya riƙa zagaya ɗaki har ya sauka ko kuma ya dawo ta inda ya shiga. A makonnin farko da ɗinki bai gama warkewa ba, amai ba abin da ake so ba ne ko kaɗan.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Mu yi lissafin wuni. Mutum yana farke kamar awa 16. Kowane cin abinci yana cinye minti 30 kafin, minti 20 zuwa 30 na cin kansa tunda a hankali ake ci ana taunawa sosai, sai minti 30 bayan. Kusan awa ɗaya da rabi kenan ba sha. Sau uku a rana, awa huɗu da rabi sun tafi. In kuma kana cikin waɗanda aka ce su ci ƙanana sau biyar, sama da awa bakwai sun tafi, saura ƙasa da tara. A cikin waɗannan awannin ne za ka shigar da lita 1.5 zuwa 2, kuma ba za ka iya kafa kai ka kwankwaɗi kofi guda kamar da ba, kurɓa ce ƙanana. A kwanakin farko ma da ɗan ƙaramin kofin magani na mililita 30 ake farawa, ɗaya duk minti 15, wato mililita 120 a awa. Lissafa ka gani, kafin ka kai lita 1.5 a haka sai ka yi sama da awa 12 kana kurɓa. Ma'ana in dai idonka biyu kuma ba abinci kake ci ba, to ya kamata ruwa yana hannunka. Ba wani lokaci na daban da za a ce na shan ruwa ne, duk sauran wunin na shan ruwa ne.

Kuma abin da ya sa ya zama haɗari shi ne ba a ramawa. Mai cikakken tumbi in ya manta bai sha ruwa ba tun safe, da yamma zai shanye roba guda ya mayar da abin da ya rasa. Mu wannan ƙofar ta rufe. Awa uku da ka yi kana aiki ko kana hanya ba ka kurɓa ba sun tafi kenan, da dare ba za ka iya cusa su ba. Shi ya sa ƙarancin ruwa a jiki yake cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane asibiti a watan farko bayan tiyata. Kuma yana da wata muguwar dabara, in ruwa ya yi ƙasa a jiki sai tashin zuciya ya zo, tashin zuciya ya sa ko ganin ruwa ba ka son yi, rashin sha ya ƙara tashin zuciyar, a haka a haka har mutum ya kasa ɗaga kai. Kar ka jira ƙishirwa ta kira ka, kafin ta zo an riga an makara. Fitsari shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya. In fari-fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, kana kan hanya. In ya yi duhu, ya yi kaɗan, yana wari, ga ciwon kai, ga leɓe ya bushe, ka miƙe tsaye ka ji jiri, to jiki yana neman agaji. In kuma ya kai ga ko kurɓi ɗaya ba ya zama, ko ka yi awanni da yawa ba fitsari, ko zuciya tana ta gudu kana zaune, wannan ba na zama a gida ana gwada dabaru ba ne, a tafi asibiti a yi ƙarin ruwa. Ba abin kunya ba ne, ba kuma gazawa ba ce. Amai da ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki shi ma a gaya wa likita da wuri, saboda ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta da yawa, cikin ƴan makonni take ƙarewa, kuma rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Ko an wuce watannin farko ma ruwan bai daina zama dole ba. Taurin bayan gida da yawancinmu ke kuka da shi, babban kasonsa rashin ruwa ne, ga kuma maganin ƙarin jini da yake ƙara ɗaure ciki. Masu baifas kuma suna da ƙarin haɗarin tsakuwar ƙoda, saboda kitsen da bai narke ba yana kama kalsiyam a hanji, sai wani sinadari da ake kira okzalet ya samu sarari ya shiga jini ya tafi ƙoda, in fitsari ya yi kaɗan kuma sai ya dunƙule. Duk wanda ya taɓa ganin mai ciwon tsakuwar ƙoda yana murƙususu ba sai an roƙe shi ya sha ruwa ba.

Abin da ya fi taimaka min shi ne kofi ba ya hawa inda nake cin abinci, sam. Hannu yana da nasa sabon, shekara da shekaru yana kai loma yana kai kofi, ba ya shawara da kai, in kofin na kusa sai dai ka ji ruwa a maƙogwaro. Dan haka ba na gwada ƙarfin zuciyata, nesa nake ajiye shi. Da na ajiye cokali sai in danna agogon waya minti 30, in tashi in wanke kwano ko in ɗan taka, yana kaɗawa in ɗauki robata. Robar nan mai layin awo ce a jiki, ina ganin inda ruwan ya tsaya, na san kafin tsakar rana ya kamata a ce ya sauka zuwa layi kaza, in bai sauka ba na san yau da aiki a gabana. Da safe kuma ruwa nake fara sha kafin komai, dan bayan barcin dare jiki a bushe yake kuma tumbi ba komai, lokacin ne ya fi karɓa. Sannan awa ɗayan da ke gaban kowane abinci ina matsa wa sha sosai a rabinta na farko, saboda in na zauna ci da ƙishirwa a wuyana minti 30 ɗin nan na bayan abinci sai ya zama azaba, in kuwa na ƙoshi da ruwa tun kafin, ko tunawa ba na yi.

Wani abin da ba a cika faɗa wa mutane ba, ruwa zalla yakan yi wa wasu nauyi bayan tiyata, ya zauna a ciki kamar dutse, wasu kuma ɗanɗanonsa ne yake canza musu su ji kamar ƙarfe a baki. In haka ta same ka kar ka ce shi kenan ba ka iya shan ruwa. Canza zafinsa. Wani mai sanyi ƙarara ne ke shiga masa, wani sai mai ɗumi, ni mai ɗumin ya fi min sauƙi musamman da safe. Ana iya ɗiga ɗan lemon tsami, ko a sa abin ƙara ɗanɗano marar suga, ko shayin ganye marar kafeyin, ko romo marar kitse da aka tace. Duk waɗannan suna shiga lissafin lita biyun. Madarar furotin ma ruwa ce, tana shiga lissafi, kuma a matakin farko da komai na ruwa ne dokar minti 30 ba ta da wani tasiri sosai, sai an fara abinci mai kauri take fara aiki da gaske.

Tambayar da aka fi yi min ita ce ta miya da romo mai nama ko kayan lambu a ciki, tunda ga ruwa ga abinci a kwano ɗaya. Shawarar da masana abinci na asibiti suka saba bayarwa ita ce a raba su, ko a tsame naman da kayan a ci a bar ruwan, ko a sha ruwan shi kaɗai a wani lokacin. Haka duk wani abin da ake jiƙawa da madara. Amma wannan bai hana a ɗan jiƙa abinci ba. Busasshen nama, musamman ƙirjin kaza ko wanda aka sake ɗumamawa, shi ne ya fi tsaya wa mutane a wuya har su nemi ruwa, to maganin a dafa shi ya yi laushi, a sa masa ɗan miya ya jiƙa, a yanka ƙanana, a tauna har ya zama kamar an niƙa. Cokali ɗaya na miya a kan nama daban, kofin ruwa a bayan nama daban. Yaji da gishiri masu yawa su ma suna kiran ruwa, in an rage su jiran ya fi sauƙi. In baki ya bushe ana iya kuskure shi a zubar.

Kuma dan Allah kar a mayar da dokar ta fi hankali. In ka ƙware, ka kurɓi ruwa. In akwai maganin da aka ce a sha tare da abinci, ɗan kurɓin da zai wuce da ƙwayar ba shi ne matsalar ba. In sugan mai ciwon suga ya faɗi, ba a tsayawa kallon agogo, a yi abin da likita ya koyar nan take. In kana zazzaɓi ko gudawa ko ana tsananin zafi kuma ka ga dole ɗaya ya matsa wa ɗaya, a wannan ranar ruwa ne a gaba, jiki ya fi jure ƙarancin abinci na kwana ɗaya a kan ƙarancin ruwa. Abin da ake gudu shi ne sabo, a ce kullum kowace loma sai an raka ta.

Abin sha kuwa ba sai na ja ba. Lemo mai gas yana cika ɗan wurin da iska, ga kumburi ga gyatsa ga ciwo, yawancin likitoci suna cewa a bar shi. Mai suga, har da ruwan ƴaƴan itace da ake ganin kamar lafiya ne, yana wucewa ba tare da ya ƙosar ba, kalori ne tsagwaronsa kuma yana tayar da damfin. Kofi da shayi masu kafeyin akan ce a dakata da su a farko. Shayi kuma yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki, dan haka kar a kora maganin ƙarin jini da shi, kamar yadda ake raba maganin da na kalsiyam da awa 2. Barasa tana shiga jini da sauri fiye da da, musamman bayan baifas. Bututun zuƙar lemo wasu asibitoci suna hanawa saboda iska, wasu suna bari in shi ne zai sa mutum ya sha da yawa, a tambayi naka.

Cin abinci cikin mutane shi ne wani gwajin. Mutum yana ganin kana ci ba ruwa a gabanka sai tausayi ya kama shi ya miƙo maka. Yayata ta daɗe tana yi min haka, da ta ga na ajiye cokali sai ta turo kofi ta ce, “Ke dai kurɓi ko kaɗan ne, abinci a bushe haka ai sai ya tsaya miki.” Ni kuma in ce, “Yaya bar shi nan, zan sha, lokacinsa ne bai yi ba.” Da na zaunar da ita na nuna mata ruwa a kofi daidai girman abin da ya rage min, ba ta sake ba, yanzu ma ita ce in mun gama ci take duba agogo ta ce min lokaci ya yi. Ba kowa za ka yi wa wannan bayanin ba, kuma ba dole ne kowa ya san an yi maka tiyata ba. Ka karɓa ka yi godiya ka ajiye gefe, in an tambaya ka ce sai anjima. Amma mutanen da kuke ci tare kullum ya kamata su sani, dan su ne za su taya ka, kuma su ne za su fara lura in ka wuni robarka ba ta motsa ba.

Bayan shekara ɗaya ko biyu abubuwa suna sassautawa. Kurɓi yana girma, ruwa yana wucewa ba wahala, ciwon da ke hana mutum haɗa ci da sha ya ragu ko ya tafi, kuma daidai wannan lokacin ne yunwa take fara dawowa nauyi kuma ya daina sauka. A nan mutane da yawa ke sakin dokar tunda ba abin da ke yi musu ciwo. Ni a ganina nan ne ma ta fi amfani, dan a farko tumbin ne da kansa yake tsare ka, daga baya kuwa sai abin da ka saba. Ba zan ce ruwa a kan abinci shi kaɗai ke dawo da ƙiba ba, dalilan suna da yawa, akwai ciye-ciye tsakanin abinci, akwai kayan zaƙi da masu narkewa a baki da ke zurarewa ko ba ruwa, akwai damuwa da rashin barci da magunguna da yanayin jikin kowa. Amma in wani ya ce min yunwa ta dame shi awa ɗaya bayan ya ci, tambayar farko da nake yi masa ita ce ko yana sha yana ci, kuma sau da yawa amsar eh ce. Gyara wannan ba ya buƙatar komai sai a matsar da kofi.

Abu ɗaya da ba na so a yi wasa da shi. In ka ga abinci ba ya wucewa sai ka tura shi da ruwa, yau da gobe, ko da ka tauna sosai ka ci a hankali, ko kuma abin da da yake wucewa lafiya yanzu ya fara tsayawa yana dawowa, kar ka mayar da ruwa maganinsa. Wani lokacin mahaɗar da aka ɗinka ce ko wani sashe na silib ɗin ya tsuke, abu ne da likitoci suka sani, ana dubawa da kyamara ta baki kuma sau da yawa ana buɗa wurin da ɗan balan-balan ba sai an sake tiyata ba. Ka kira asibitin da aka yi maka aikin ka gaya musu yaushe abin ya fara, wane abinci ne ke tsayawa, da kuma ko ruwan kansa yana wucewa ko shi ma ya fara tsayawa.